Mai Kari da Mai Kalma: Tsokaci a Kan Waƙoƙin Levi Celerio

Duk wanda ya tashi yabon Levi Celerio (1910-2002), fasihin marubucin waƙoƙin ƙasar Filifin, da abu biyu yakan fara: cewa ya rubuta waƙoƙi fiye da 4,000, da cewa yana busa ganyen itace ya fitar da kiɗa, har kundin Guinness ya shigar da sunansa. A ganinmu, waɗannan biyu su ne mafi ƙarancin muhimmanci a aikinsa. Yawan waƙa ba ya auna fasaha, busa ganye kuwa abin kallo ne.

Haifaffen Tondo ne, unguwar talakawa a birnin Manila, kuma da kiɗan goge irin na Turawa ya soma. Amma baiwarsa ta ainihi ita ce ɗora kalmomin Tagalog a kan karin da wani ya riga ya tsara. Wannan aiki ne mai wuya, domin kari ya riga ya ƙayyade yawan gaɓoɓi da wurin numfashi, marubuci sai dai ya bi.

Inda wannan baiwa ta fi fitowa shi ne waƙar "Sa Ugoy ng Duyan". Lucio San Pedro ne ya tsara karinta tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, Celerio ya sa mata kalmomi bayan yaƙin, a cikin jirgin ruwa, suna hanyar komawa gida. Karin na reno ne, saboda haka abin da ake tsammani shi ne muryar uwa tana lallashin ɗanta. Celerio ya juya lamarin: mai magana a waƙar babba ne, yana begen komawa cikin shimfiɗar jariri ya sake jin waƙar mahaifiyarsa. Da wannan juyi guda jigon ya tashi daga lallashi ya koma kewa, ba tare da an taɓa karin ba. Abin mamaki, su biyun sun rasu kwana biyu tsakani: San Pedro ranar 31 ga Maris 2002, Celerio ranar 2 ga Afrilu.

Sai dai wannan salo yana da illar da masu yabo ke tsallakewa. Shahararriyar waƙar Kirsimeti "Ang Pasko ay Sumapit" tana da kari ɗaya da wata waƙar harshen Cebuano ta 1933, wadda Vicente Rubi ya tsara, Mariano Vestil ya rubuta. Ta Cebuano tana magana ne a kan masu zagaya gidaje da waƙa da albarkar da suke kai wa masu gida. Ta Celerio ta koma kan sarakunan nan uku da kyaututtukansu. Ba fassara ya yi ba ke nan, sabuwar waƙa ya gina. Da yake Tagalog ne harshen Manila da rediyo da fim, tasa ce ta game ƙasa, sunan Rubi da na Vestil suka shige duhu a wajen yankinsu. Ba mu ce laifin na Celerio ne shi kaɗai ba, kamfanonin faifai ma suna da nasu kason. Mu da muka saba jin baitocin Hausa a kan karin waƙoƙin Indiya ba baƙin wannan tambaya ba ne: waƙa ta mai kari ce ko ta mai kalma?

Gwamnatin Fidel Ramos ta ba shi lambar Fasihin Ƙasa a 1997, a fannin kiɗa da adabi a haɗe. Mu dai a fannin adabi muka fi ganin cancantarsa, tunda yawancin karin da ya shahara da su na wasu ne.