Wandon Jins Mai Suna: Yadi Muke Saye Ko Tambari?

Sallah ta matso, samarinmu na Ƙofar Wambai sun shiga tara kuɗin wandon jins "mai suna", wani ma har da cin bashi. To, mu da muka tsufa a harkar tufafi, bari mu faɗi abin da muka sani.

Asalin wandon nan kayan leburori ne. A 1873 Levi Strauss da wani tela, Jacob Davis, suka yi rajistarsa a Amurka, da ƙusoshin tagulla a bakin aljihu don kada ya yage wurin aiki. Ƙarko ake saye a lokacin. Yau kuwa sai a yaga gwiwa da gangan, a ninka farashi! Ga shi da yawa daga masu tambarin nan jabu ne.

Ɗana, juya wandon ka duba ɗinki, zik da kaurin yadi. Sannan gwada ruku'u da shi. In bayanka ya buɗe, bar musu kayansu. Sau da yawa gwanjo mai kyau na kasuwar Wunti ya fi shi daɗewa. Tambari ba ya biyan bashi.

Allah ya sa mu gane.