Jinjina ga Masu Wayarin Mota

Mota na tafiya lafiya lau, sai ƙararrawa ta dinga kaɗawa babu gaira babu dalili. Nan ake neman mai wayarin mota, irin na Ƙofar Ruwa a Kano, kuma haƙurinsa abin yabo ne.

Gwanin ba ya gaggawar yanke waya. Tambaya yake fara yi: a kwana take kaɗawa, ko in an taka burki? Sai ya leƙa man burki, don in ya ragu yakan karkata gefe guda a kwana, na'ura ta yi kuka. Wani sa'in buhun shinkafa ne a kujerar gaba, motar ta zaci fasinja ne bai ɗaura bel ba.

In abin ya gagara, ya jona kwamfutarsa ƙarƙashin sitiyari, a soket mai rami 16 da Amurka ta wajabta tun 1996.