Babban Famfon Mai Ba Ya Ƙara Wa Mota Gudu

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin masu ƙara wa mota ƙarfi: da zarar an ɗaura wa inji turbo, sai a nemo famfon mai mafi girma a kasuwa, a tsige tsarin da kamfani ya saka, a jawo sabon tiyo zuwa tanki. Ni dai ina ganin rabin masu wannan aiki asarar kuɗi kawai suke yi.

A tsohon tsari, irin na Toyota Supra mai injin 2JZ, famfo yana turo mai ba tsayawa, regileta da ke kusa da nozul ta riƙe matsin a wajen bar 3, ragowar man ya koma tanki ta tiyo na biyu. Amfaninsa ga mai turbo a fili yake: regiletar tana jin matsin iskar inji, idan turbo ya ƙara bar 1 ita ma ta ƙara bar 1. Aibinsa zafi. Man ya zaga ta kan inji ya dawo da ɗumi, tanki ya cika da tururi. Wannan tururin ne dokokin hana gurɓata iska na Amurka suka matsa wa lamba a shekarun 1990, kamfanoni suka koma tiyo ɗaya.

Shi kuma tiyo ɗayan iri biyu ne, kuma a nan makanikai da yawa ke ruɗewa. A injinan LS da yawa na General Motors, regileta tana can wajen tanki, matsi a tsaye kan bar 4. Ford kuwa, a Mustang tun daga ta 1999, ta bar wa kwamfuta aikin: tana karanta matsin, tana rage wa famfo wuta ko ta ƙara.

To, ɗauki Walbro 255, famfon da sunansa ke bakin kowa, mai turo lita 255 a awa. A tsari mai komawa tanki lafiya lau yake aiki. Saka shi inda kwamfuta ke yanka masa wuta tana mayarwa sau da yawa a daƙiƙa, sai matsi ya riƙa hawa da sauka, domin haƙoran gear ne a cikinsa; irin wannan tsari ya fi shiri da famfo mai farfela. Idan kuma aka cusa ƙaton famfo bayan ƙaramar regileta, ba za ta iya zubar da rarar ba, mota ta yi ta shan mai tana baƙin hayaƙi a tsaye. Adadin da ke jikin kwali ma ba na kullum ba ne, don matsi na hawa, abin da famfo ke turowa na raguwa.

Ban ce kada a koma tiyo biyu ba. Mai babban turbo, ko mai zuba man E85 da inji ke sha kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da fetur, yana da hujja. Amma wanda ya canza salansa da matatar iska kawai, me zai yi da ƙaton famfo irin Bosch 044? A zafin Afrilu na Kano, da ke haura digiri 40, famfon zai wuni yana dafa masa fetur a tanki, ga ƙara kamar injin markaɗe, ga wayar kamfani siririya da ba a yi ta don jan wannan wuta ba.