Kiwon Boa a Keji: Ana Sayen Launi, Maciji Na Biya da Lafiyarsa

Masu kiwon macizai a Amurka da Turai suna da wata magana da ba sa gajiya da maimaitawa: wai duk ɗan boa da aka haifa a keji ya ceci wani ɗan'uwansa na daji daga kamu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma in aka duba abin da kasuwar take samarwa, sai a ga an cika gishiri.

Boa maciji ne marar dafi da ke rayuwa daga Meziko zuwa Ajantina. Yana kama da mesa, shi ma matse abin da ya kama yake yi. Bambancinsu shi ne mesa ƙwai take sakawa, ita kuwa macen boa haihuwa take yi, sau da yawa 'ya'ya 20 zuwa 30 a ciki ɗaya. Wannan ya sa kiwonsa ke da riba, tunda ba ruwan mai kiwo da injin ƙyanƙyasa.

To, me ake kiwo? Launi. Akwai zabiya, akwai mai zane iri-iri, kuma gwargwadon ƙarancin launi gwargwadon tsadarsa. Yawancin waɗannan launuka daga maciji ɗaya ko biyu suka samo asali, don haka hanya mafi sauri ta yawaita su ita ce haɗa ɗa da uwa, ko wa da ƙanwa. Su kansu masu kiwo sun daɗe suna ba da labarin zabiyan da ake haifa da ido ɗaya ko lalataccen ido.

Misali mafi muni shi ne launin da suke kira motli. Lissafinsa irin na sikila ne. Macijin da ya gaji ƙwayar halittar daga ɓangare ɗaya yakan fito da zane mai kyau, lafiya lau. Idan aka haɗa motli da motli, a ƙiyasi ɗaya cikin huɗu zai gaje ta daga uwa da uba, ya fito baƙi-baƙi ba zane, jiki ba ƙwari, kuma galibi ba ya kai wa girma yake mutuwa. An san haka. Wanda ya ci gaba da wannan haɗi ba gwaji yake yi ba, ya riga ya san sakamakon.

Sai batun cuta. Akwai wata da ake kira IBD, wadda ke sa maciji amai da rama, wani lokaci ya riƙa ɗaga kai sama yana kasa juyawa in an kifar da shi. A 2012 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka danganta ta da wani bairos ɗan dangin wanda ke kawo zazzaɓin Lassa, ko da yake wannan na macizai ne. A 2017 wani binciken ya nuna tana bi daga iyaye zuwa 'ya'ya. Ba ta da magani. Abin tsoron kuma, boa na iya ɗauke da ita shekaru ba alama. Ka ga ke nan, aron namiji daga wannan gida zuwa wancan ba tare da gwajin jini ba, raba cuta ne da hannu.

Ina maganar ceton na daji? Dubi tsibiran Kayos Kocinos na Honduras. A shekarun 1980 an kwashe boa masu hasken launi daga can da yawan gaske domin kasuwa, har aka zaci sun ƙare. Abin da ya farfaɗo da su shi ne kariyar da aka ba tsibiran a shekarun 1990. Na keji kuwa an yi ta gauraya su da na wasu yankuna don neman launi, har tantance na asali ya zama aiki. Macijin da ba a san asalinsa ba, ba shi da amfani ga mai son mayar da iri daji.

Adalci dai, keji ya koya mana abu. A kan wata macen boa ta kiwo aka tabbatar a 2010 cewa tana iya haihuwa ba tare da namiji ba. Kuma ɗan keji ya fi na kamu jure zaman gida.

Gyaran ba shi da wuya: a gwada jini kafin barbara, a killace sabon maciji watanni, a rubuta asalin kowane ɗaya, a daina haɗin da aka san yana kisa. Mai saye kuma ya tambayi takardar gwaji kafin ya tambayi launi. Ranar da masu saye suka fara wannan tambaya, masu kiwo za su canja, don inda kuɗi ya nufa can suke bi.