Aikin Baba Katikis Kafin Ranar Aure

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Asabar cikin watan Disamba, 'yar maƙwabcina ta shigo coci riƙe da hannun mahaifinta, matan zumunta suna kaɗa tulu da caki, guɗa tana tashi ta kowace kusurwa. Kafin sha biyu an gama komai. Wanda ya zo ranar kaɗai zai ɗauka ɗaurin aure a cocin Katolika aikin sa'a ɗaya da rabi ne. Ni kuwa wata huɗu kafin nan na raka yarinyar da saurayinta ofishin ikilisiyarsu a wata unguwa ta bayan garin Kaduna, saboda mahaifinta yana kwance ba lafiya, kuma tun tana rarrafe take kirana Baba. A can na haɗu da mutumin da auren ya bi ta hannunsa daga farko har ƙarshe, wanda ban gan shi a hoton biki ko ɗaya ba.

Katikis ake ce masa. Shi ne malamin da ke koyar da addini a ƙarƙashin fada, wato limamin coci, kuma yana da iyalinsa kamar kowa. A wannan ikilisiya, wato yankin da coci ɗaya ke kula da jama'arsa, shi ke riƙe da littattafai. Kayan aikinsa ba su da yawa: tebur, kabad na ƙarfe saboda gara, baƙin biro, fensir, rula, hatimi da kushin tawada, sai kalanda a bango da ta sha zane. Cikin kabad ɗin akwai manyan littattafai masu kaurin bango, na baftisma daban, na aure daban, na mamata daban.

Abu na farko da ya nema shi ne takardar baftisma. Yarinyar ta miƙa masa tsohon katinta da uwarta ta adana cikin leda fiye da shekara ashirin. Ya karɓa da hannu biyu, ya karanta, ya mayar mata.

"'Yata, wannan naki ne, ki riƙe shi da kyau. Amma ni sabuwa nake so. Ki je inda aka yi miki baftisma, su buɗe littafi su rubuto mini, kada ta wuce wata shida da rubutawa."

Na tambaye shi dalili, tunda ranar baftisma ba ta canzawa. Sai ya jawo littafin cocinsu ya buɗe mini. Kowane yaro yana da layinsa: suna, ranar haihuwa, iyaye, masu tsaya masa, fadan da ya yi baftismar. A ƙarshen layin, ta hannun dama, akwai gurbi da aka bari fili. Ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Malam, nan ne ake rubuta abin da ya faru da mutum daga baya." Idan Bakatolike ya yi aure a coci ko a wace ƙasa, dokar coci ta ce a aika labari inda aka yi masa baftisma, a cike wannan gurbi. Saboda haka sabuwar takarda tana faɗin abin da tsohon kati ba zai iya faɗa ba: ko mutum yana da igiyar aure a wani wuri. Mai mata a Legas da ya zo Kaduna yana cewa shi tuzuru ne, littafin ƙauyensu zai tona shi. Dole yarinyar ta hau mota zuwa wani ƙauye a ƙasar Kafanchan, ta kwana ɗaya, ta dawo da takarda mai hatimi.

Daga nan sai tambayoyi. Fada ne ke da hurumin yi musu tambayar ƙarshe da sa hannu a kai, amma katikis ke share fage. Ba ya haɗa su wuri ɗaya. Ya sa saurayi ya jira a waje, ni ma ya roƙe ni in ba su wuri, ƙofa a buɗe, ina hango su daga inuwar dalbejiya. Daga baya ya gaya mini abin da yake nema: ko akwai wanda ya matsa mata, ko bashi ne ko ciki ko tsoron iyaye ya kawo ta. A koyarwarsu, yardar da aka samu ta tilas ba ta ƙulla aure. Ya ce amsar baki kowa ya iya ta, shi hannu yake kallo, da inda ido ke zuwa idan an ambaci sunan saurayi.

Lissafin dangantaka shi ya fi ba ni sha'awa. Ya ɗauki farar takarda da fensir, ya rubuta sunan ango a ƙasa ta hagu, na amarya ta dama, ya riƙa hawa: uba, uwa, kakanni, ƙauyen kowa. Idan layukan biyu suka haɗu a kan kaka ɗaya, sai ya ƙirga mutanen da ke tsakani ba tare da shi kakan ba. Ɗan wa da 'yar ƙane, misali: ango ɗaya, ubansa biyu, ƙanen uban uku, amarya huɗu. Mataki huɗu ke nan, kuma kundin dokokin cocin na 1983 ya hana aure har zuwa wannan mataki, sai da izinin bishop a rubuce. Wato auren zumuncin da muka saba gani a gidajenmu, a nan sai an nemi izini na musamman. Wa da ƙanwa kuwa, mataki biyu, babu mai ba da izininsa. Na yaranmu layukan ba su haɗu ba. Ya ja layi ƙarƙashin takardar, ya sa ta cikin fayil.

Ya tambayi ko iyaye sun gana, an biya sadaki, an gama na gargajiya. Ya tura su asibiti gwajin jini. Ya zauna ya zana musu akwati mai gida huɗu, ya nuna musu cewa idan dukansu biyu AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Ya ce gara a ji wannan magana yanzu da a ji ta a gadon asibiti da jariri a hannu.

Sai kalanda. Matasa kan zo da ranar da suka zaɓa, wasu ma har sun buga kati. Shi kuwa daga ranar yake farawa, ya riƙa ƙirgawa baya da bakin fensir. Idan ana son auren coci ya zama na doka a Najeriya, sai an kai sanarwa ofishin magatakardan aure na gwamnati, a manna ta kwana ashirin da ɗaya. Bayan haka ne magatakarda zai ba da takardar izini, kuma dole a ɗaura auren cikin wata uku daga ranar da aka kai sanarwar, in ba haka ba ta mutu, a koma farko. Ka ga akwai tarko ta fuska biyu: wanda ya yi jinkiri kwanakin ba za su cika ba, wanda ya yi gaggawa takardarsa za ta lalace kafin ranar. A cikin wannan tsakani kuma sai ya samo Lahadi uku a jere na sanarwar coci, a nan da kuma cocin da ango yake zuwa. Sai ya duba kada ranar ta faɗa cikin azumin kwana arba'in na kafin Ista, lokacin da ba a son shagali, balle Juma'ar tunawa da mutuwar Almasihu da Asabar ɗin da ke bin ta, waɗanda ba a ɗaura aure a cikinsu sam. Ga Asabar ɗin Disamba kuma kowa na rububinsu. Na ga ya yi wannan lissafi duka cikin 'yan mintoci, yana motsa leɓe, ya kewaye rana biyar a kalanda, ya kwafe su a ƙaramar takarda ya ba ango. "Ɗana, wannan ta farko ita ce mai muhimmanci. Ka makara da ita, sauran duk sun rushe."

Sanarwar cocin nan tsohuwar al'ada ce. Babban taron shugabannin coci da aka yi a Lateran, a birnin Rum, cikin shekarar 1215, shi ya wajabta a yi shelar aure a bainar jama'a, don a kawo ƙarshen auren ɓoye. Taron Trento na ƙasar Italiya ya ƙara ƙarfafa ta a 1563, ya ce sai a gaban limamin ikilisiya da shaidu, kuma a rubuta a littafi. Abin da Baba Katikis ke yi da baƙin bironsa ke nan har yau. Na je cocinsu na saurari sanarwar Lahadin farko. Ya karanta da Turanci, ya maimaita da Hausa, cikakken suna, sunan iyaye, ƙauyen asali, domin tsohuwar da ke bencin baya ba ta san sunan da yarinya ke amfani da shi a Facebook ba, amma ta san kakarta. Da ya ce duk wanda ya san dalilin da zai hana auren ya zo ya faɗa, sai ya yi shiru, ya ɗaga kai ya dubi jama'a. Na ƙirga, shirun ya kai numfashi uku. Wani mai karanta sanarwa zai bi ta kai da gudu kamar tallar magani a tasha. Shi yana ba maganar lokacin da za ta isa kunne.

In wani ya zo da magana, ya ce, a keɓe ake jin sa, kuma tambaya ɗaya ke raba tsaki da tsakuwa: ka gani da idonka, ko an gaya maka? Kishi da tsohuwar gaba sukan zo da rigar gaskiya. Abin da ya ga yana da tushe, fada yake kai wa.

Makonnin da ke tsakani na karatun aure ne, duk yammacin Asabar, kan kuɗi da surukai da haƙuri da tarbiyyar 'ya'ya. Ban zauna ciki ba, ba nawa ba ne.

Jajibirin biki da la'asar na koma. A bakin ƙofar coci wasu abokan ango suna zaune kan bonet ɗin mota, kowa da wayarsa, suna gardamar wanda zai riƙe kuɗin liƙi. A ciki Baba Katikis ya durƙusa da alli yana sa alama a siminti: nan ango, nan amarya ta hagunsa, nan shaidu, nan mahaifi zai tsaya ya miƙa 'yarsa ya koma. Ya sa su yi tafiyar sau biyu, yana tafa hannu a hankali don su rage sauri. Ya ce a kawo zobba, ya sa kowa ya gwada a yatsan da ke kusa da ƙaramin yatsa na hannun hagu, domin ya sha ganin zoben da ya ƙi wuce gaɓa a gaban jama'a. Ya sa su faɗi alkawarin da ƙarfi har sai ya ji su daga benci na ƙarshe. Wannan ma da dalili. A koyarwar Katolika, ango da amarya ne ke ɗaura wa juna aure da bakinsu, fada shaida ne a madadin coci, mai sa albarka. In shaidu ba su ji kalmar yarda ba, me za su shaida?

Da dare ya zauna ya cike takardu. Ya fara rubuta komai da fensir a wata takarda daban, ya gwada kowane harafi da na takardar baftisma da katin shaida. Sunan mahaifin amarya ya zo iri biyu, wani wuri da harafi ɗaya, wani wuri da biyu. Ya buga waya aka tambayi mai sunan. Sai da ya tabbatar sannan ya ɗauki biro. A littafin nan ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa. In an yi kuskure, layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu.

Ranar Asabar ya riga kowa zuwa. Ya buɗe ƙofofin coci duka ya tokare su da dutse, domin dokar ƙasa ta ce a ɗaura aure ƙofa a buɗe, tsakanin takwas na safe da shida na yamma, a wurin ibadar da ke da lasisi, gaban shaidu aƙalla biyu ban da limami. Ya tsaya jikin ginshiƙi kusa da bagade. Da kai yake yi wa mawaƙa alama su tashi, da tafin hannu yake sa su sauka. Lokacin da fada ya tambayi yaran ko sun zo da yardar kansu, ko za su riƙe juna har mutuwa, ko za su karɓi 'ya'yan da Allah ya ba su, na ga makirufo ya bayyana daidai bakin amarya, ban ga lokacin da ya matso ba. Muryarta ta yi rawa, amma an ji ta har waje.

Wurin sa hannu ya riga ya shimfiɗa littafi da satifiket mai kwafi biyu, ya sa ɗan ɗigon fensir a inda kowa zai rubuta. Ango, amarya da sunan gidansu, shaidu biyu, sannan fada. Yatsansa na kan layi har kowa ya gama. Kwafi ɗaya aka miƙa wa ma'auratan a gaban jama'a, guɗa ta sake tashi. Ɗayan ya sa a ambulan, domin doka ta ba da kwana bakwai a kai shi ofishin magatakarda.

A wurin liyafa na neme shi in kai masa abinci, aka ce ya koma ofis, akwai wani auren ƙarfe ɗaya. Ranar Litinin na biya in yi masa godiya a madadin maƙwabcina. Na same shi yana buga hatimi a ƙananan takardu biyu, ɗaya zuwa cocin da aka yi wa ango baftisma, ɗaya zuwa ƙauyen nan na ƙasar Kafanchan. Ya ce akwai direban da ke bin hanyar ranar Laraba, shi zai ba. A can wani katikis zai buɗe kabad, ya nemo littafin shekarar da aka haifi yarinyar, ya bi layi da yatsa har gurbin nan na hannun dama, ya rubuta sunan mijinta da ranar da wurin.

Ya liƙe ambulan ɗin, ya rubuta adireshi, ya ɗaga kai ya ce, "Malam, yaya jikin maƙwabcin naka? Na ga ya daure ya tsaya har aka gama."