Tsokaci Kan Sake Shirya Fim Ɗin Brief Encounter

Tun da fina-finai masu dogon zango suka cika talabijin, ake ta kiraye-kirayen a tono tsofaffin labaranmu na soyayya a sake shirya su, kamar yadda Ali Nuhu ya yi wa Mujadala a 2018. Kafin 'yan'uwa marubuta su ɗauki alƙalami, muna ganin ya kamata mu duba yadda irin wannan aiki ya taɓa kayar da wasu a Ingila.

A 1945 David Lean ya shirya Brief Encounter, wato gajeriyar haɗuwa, daga wasan kwaikwayon Noel Coward na 1936. Laura matar aure ce mai 'ya'ya biyu, tana shiga jirgin ƙasa duk ranar Alhamis zuwa gari cefane, kamar dai yadda matan ƙauyukan nan ke shigowa Wudil cin kasuwar Juma'a. Wata rana ƙurar gawayi ta faɗa mata a ido a tasha, wani likita mai suna Alec, shi ma da iyalinsa, ya cire mata. Daga nan shaƙuwa ta shiga, har suka ga abin zai kai su ga ɓarna, suka haƙura da juna, shi ya tafi Afirka ta Kudu.

Labarin ke nan, bai fi cikin cokali ba. To, me ya sa ya daɗe a zukatan mutane? A namu nazarin, kunya ce jigonsa. Celia Johnson da ta fito a Laura ba wata kyakkyawa ba ce ta a-zo-a-gani, mace ce irin wadda za ka wuce a tasha ba ka waiwaya ba. Ƙaryar farko da ta yi wa mijinta ta tsaya mata a rai. Haka kuma labarin duka a zuci take warware shi, mijin na zaune a gabanta, ta kasa buɗe baki. Dubi wurin rabuwarsu: wata mai surutu ta zo ta zauna a teburinsu, ko sallama ba su samu yi ba, iyaka ya dafa kafaɗarta ya fita.

A 1974 Alan Bridges ya sake shirya shi domin talabijin, aka nuna a Amurka cikin watan Nuwamba, masu sharhi suka yi masa ca. An ɗauko Sophia Loren, wadda duniya ta sani da kyau, da Richard Burton, wanda a shekarar nan jaridu suka cika da labarin mutuwar aurensa da Elizabeth Taylor. Yaya mai kallo zai yarda cewa waɗannan biyun suna tsoron bakin mutane? Sannan aka dawo da labarin zamanin da ake ciki, alhali dokar 1969 ta riga ta sauƙaƙa rabuwar aure a Ingila. Zubin labarin na nan, tasha na nan, amma katangar da ta hana masoyan haɗuwa ta rushe, ba a kuwa gina wata a gurbinta ba.

Mu ma wannan ramin na gabanmu. Ɗauki In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991. Sumayya ta faɗa rijiya ne domin a gidansu maganar manya yankan wuƙa ce, kuma Muhammad talaka ne. Duk wanda zai mayar da shi zango-zango a yau, ya ba Sumayya wayar hannu da makullin mota, to sai ya fara gaya mana wa ya tsare ta, kuma da me, kafin ya kai ta bakin rijiyar.