Batun Baftisma: San Maganar Mutum Kafin Ka Ja Da Shi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, akwai wani irin wa'azi da ke yawo a wayoyin samarinmu, ana ta turawa a WhatsApp daga Aboabo zuwa Asawase har Sabon Zango. Masu yinsa suna cewa wai Kiristoci duka sun yarda ruwan baftisma ne ke ceto, wanda ba a tsoma ba ɗan wuta ne. Daga nan sai a kwashe da dariya. Ba na tuhumar niyyarsu, kishin addini ne. Amma kalmar "duka" ɗin nan ba gaskiya ba ce, kuma gini a kan yashi ba ya daɗewa.

Su kansu Kiristoci sun saɓa a kan mas'alar. 'Yan Katolika, masu babban cocin St Peter da ke Roman Hill, nan kusa da mu, sun ce baftisma wajibi ce domin ceto. Taron malamansu na Trent ya yanke haka a 1547, suna kafa hujja da zancen Annabi Isa (AS) da Nikodimu a babi na 3 na littafin Yohanna. Duk da haka sun yi togiya: wanda aka kashe saboda addininsu kafin a yi masa, da wanda ya ƙudurta niyya mutuwa ta riga shi, ba su yanke masa hallaka ba.

A ɗaya gefen, tun 1525 Zwingli na birnin Zurich ya ce ruwan alama ce kawai. 'Yan Baptist da 'yan Church of Pentecost, waɗanda suka cika unguwannin Kumasi, sun ce bangaskiya ce ke ceto, baftisma kuwa shaida ce a gaban jama'a. Shi ya sa ba sa yi wa jarirai, sai wanda ya yi wayo. Hujjarsu ɓarawon da babi na 23 na Luka ya ce an yi masa alkawarin Aljanna a kan gicciye ba tare da ruwa ba. Mu dai ba mu yarda an gicciye Annabi Isa ba, Suratun Nisa'i aya ta 157 ta kore wannan. Hujjarsu ce nake kawo muku. Methodist da Presbyterian kuma suna yi wa jarirai, 'yan Salvation Army ba sa yi sam.

To, ina illar? 'Ya'yanmu da yawa suna makarantun mishan. Yaro ya haddace maganar waya, ya je ya faɗa wa abokinsa ɗan Pentecost. Abokin ya ce, "Mu ai ba haka muka ce ba," ya buɗe masa littafi. Yaron nan ya dawo gida da shakka, ba a kan baftisma ba, a kan malaminsa. Gobe in malam ya karantar da shi tauhidi, da wane kunne zai ji? Mun je cin riba, mun zubar da uwar kuɗi.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. A wajen aya ta 138 ta Suratul Baƙara, inda kalmar sibga ta zo, Wahidi da Zamakhshari sun bayyana al'adar Nasara ta tsoma 'ya'yansu a ruwan da ake kira ma'amudiyya. Sun san abin da sunansa kafin su yi magana. Kai ma ka duba gidanmu: malamai sun saɓa kan wankan wanda ya musulunta, wajibi ne ko mustahabbi, amma kalmar shahada ce ke shigar da shi Musulunci. Da wani zai ce wai mu wanka ne ke musuluntar da mu, za mu ce ya yi mana ƙarya. Abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa maƙwabci.

Ainihin saɓaninmu da su ba a ruwa yake ba. Yana wajen aƙidar zunubin gado da ta fansa ta hanyar gicciye. Mu Alƙur'ani ya sanar da mu ba mai ɗaukar nauyin laifin wani, hadisi kuma ya tabbatar a kan fiɗira ake haifar kowane yaro. Nan ne mai wa'azi zai tsaya da ƙafarsa, da ilimi da ladabi, yadda Suratul Ankabut aya ta 46 ta koya mana jayayya da Ahlul Kitabi.

Ɗalibai, in irin wannan saƙo ya shigo wayarku, kar ku yi saurin turawa. Ku kawo makaranta mu duba tare. Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon binta, ya zaunar da Zango lafiya. Wallahu a'alam.